Ƙwannafi Mai Naci: Zaɓe Tsakanin Magungunan Rage Tsamin Ciki

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗakin sayar da magani a Birnin Kebbi ko Argungu da zai wuni ba a zo neman "maganin olsa" ba. Masu zuwan kuwa iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ke raba dare yana karatu bisa ƙarfin shayi, da manomin shinkafar da ya wuni sunkuye a fadamar Rima, da masunci, da mace mai juna biyu, da dattijon da goro ba ya barin bakinsa. Abin da ake miƙo musu shi ma iri-iri ne: wani a ba shi farin ruwa mai kauri a kwalba, wani ƙwaya, wani kuma kafso. Jama'a da dama sun ɗauka duk abu guda ne, bambancinsu bai wuce na ƙarfi da na tsada ba, don haka wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya ce a ba shi "mai ƙarfin".

Gaskiyar al'amari ita ce, magungunan nan rukuni uku ne, kowanne da hanyar aikinsa, da lokacin da ya dace da shi, da kuma mutumin da bai kamata ya kusance shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan rukunai, tare da nuna cewa abubuwan da ya kamata su yanke hukuncin zaɓe su ne yawan zuwan ciwon, da halin jikin mai shi, da sauran magungunan da yake sha. Bayanin ba zai maye gurbin ganin likita ba, amma zai taimaka wa mai ciwo ya san abin da zai faɗa da abin da zai tambaya.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga batun magani, ya kyautu a tsaya kan kalmomi, domin daga nan ruɗanin ya faro. Hausa tana da kalmar ƙwannafi, wasu su ce ƙwarnafi, watau zafin da ke tasowa daga ƙahon zuciya ya bi tsakiyar ƙirji ya nufi maƙogwaro, sau da yawa tare da gyatsa mai tsami ko ruwa mai ɗaci da ke dawowa baki. Tana kuma da gyambon ciki, watau miki a bangon tumbi ko a bakin ƙaramin hanji. To, amma tun da kalmar olsa ta shigo daga Ingilishi sai ta haɗiye waɗannan biyu, ta haɗa da kumburin ciki, da zafin yunwa, da kusan duk wani ciwo da ke tsakanin cibiya da ƙirji. A yau mutum zai ce ya shekara goma da olsa, alhali ba a taɓa duba cikinsa an ga gyambo ba.

Faɗaɗar ma'ana irin wannan ba baƙon abu ba ne ga kalmomin aro, sai dai a nan tana da illa a aikace, domin kama da wane ba wane ba ne. Ƙwannafi ciwon maƙoshi ne, gyambo kuwa ciwon tumbi ko hanji. Ko da yake magani guda kan kwantar da zafinsu duka biyu, abin da ke warkar da su ya bambanta.

3.0 Yadda Ƙwannafi Ke Samuwa

Tumbin ɗan Adam yana tsatso ruwan narkar da abinci kimanin lita 1.5 zuwa 2 a kowace rana. A cikin ruwan akwai asid mai tsananin tsami, wanda ke taimakawa wajen narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cutar da ke biyo shi. Bangon tumbi yana da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi daga wannan tsami. Maƙoshi, watau bututun da abinci ke bi daga baki zuwa tumbi, ba shi da irin wannan kariya. A mahaɗarsu akwai wata tsoka da ke tsuke bakin tumbi kamar yadda zariya ke tsuke ƙugun wando. Idan ta saki a lokacin da bai kamata ba, sai ruwan tsami ya hau sama ya ƙona maƙoshi. Daga cikin abubuwan da ke jawo haka akwai cika ciki fiye da kima, da abinci mai maiƙo, da ƙiba, da juna biyu, da shan taba, da kwanciya ko sunkuyo bayan an ƙoshi. Barkono da shayi da goro su ma kan tayar da shi ga wasu mutane.

Ashe ke nan ba lalle ne tsamin cikin mai ƙwannafi ya fi na kowa yawa ba. Tsamin ne ya je inda ba muhallinsa ba. Magungunan da za a ambata kuwa ba su gyara tsokar nan, iyakarsu su rage kaifin abin da ke hawowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon kan dawo idan an daina sha ba tare da an sauya komai ba.

Shi tsamin, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke bangon tumbi suke fitar da shi, ta hanyar wani abu da masana suka kira famfo. Famfon ba ya tashi sai ya sami saƙo, kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan saƙon shi ne sinadarin histamin. Wanda ya san noman rani a fadama zai fahimci lamarin da sauƙi. Idan ruwa ya yi wa gona yawa, ana iya yin ɗayan abu uku: a kwashe wanda ya riga ya kwanta, ko a tare yaron da aka aika ya ce a tada inji, ko kuwa a je a kashe injin kansa. Haka rukunan maganin suke.

4.0 Rukunan Magunguna

4.1 Masu Kashe Tsamin da Ya Riga Ya Fita

Wannan rukuni shi ne mafi daɗewa, kuma Bahaushe ya san shi tun kafin zuwan asibiti. Duk macen da ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san sirrin aikinsa. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga Borno da ƙasar Manga ita ce tsohon maganin ƙwannafi, a jiƙa ta a sha. Na asibiti an haɗa su ne da gishirin magniziyam ko alminiyam ko kalsiyam, irin su farin ruwan nan da aka fi sani da Mist Mag, da Gestid da Gelusil. Suna aiki cikin 'yan mintoci, amma aikin ba ya wuce awa ɗaya idan ciki ba komai, ko awa 2 zuwa 3 idan bayan cin abinci aka sha. Akwai kuma irin su Gaviscon, masu ɗauke da wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ke yin kumfa mai kauri ya taso saman abin da ke cikin tumbi ya zama kamar marfi.

Illolinsu sanannu ne. Magniziyam yana sa gudawa, alminiyam yana sa taurin bayan gida, shi ya sa ake yawan haɗa su wuri guda. Mai ciwon ƙoda bai kamata ya sha su ba sai da izinin likita, domin jikinsa ba zai iya fitar da su yadda ya kamata ba. Ita kuwa kanwa, cike take da sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara hawan jini. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun yi bayani kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka kuma ambaci yawan shan kunun kanwa a cikin abubuwan da ke taimaka masa. Saboda haka jiƙon kanwa ba abin da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda ko juna biyu zai mayar maganinsa na kullum ba ne.

4.2 Masu Tare Saƙo

Rukuni na biyu ya samo asali ne daga binciken Sir James Black da abokan aikinsa a Ingila, wanda ya haifar da simetidin. An fara sayar da shi a 1976 da sunan Tagamet, kuma ya rage yawan tiyatar gyambon ciki ƙwarai da gaske. Black ya sami kyautar Nobel a 1988. Bayansa ranitidin ya fito a 1981 da sunan Zantac, sannan famotidin a tsakiyar shekarun 1980. Aikinsu shi ne hana saƙon histamin isa ga famfo. Sukan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, su kuma ɗauki awoyi da dama, famotidin har kimanin awa 10 zuwa 12, don haka suna da amfani ga wanda ƙwannafi ke tayarwa da dare, ko wanda ya san zai ci abincin da ke tayar masa da shi.

Rauninsu shi ne jiki yana sabawa da su. Wanda ya lazimci shan su kullum, cikin 'yan kwanaki ko makonni zai ga ƙarfinsu ya ragu. Bugu da ƙari, simetidin yana hana hanta sarrafa wasu magunguna, irin su warfarin na tsinka jini da fenitoyin na farfaɗiya, sai su taru a jiki; yawan shansa kuma kan sa nonon namiji ya kumbura. Ranitidin kuwa, a 2019 an gano wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargi da jawo ciwon daji, wanda ke ƙaruwa idan maganin ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. A 2020 hukumomin Amurka da na Turai suka sa aka janye shi daga kasuwa. Wannan batu na zafi abin lura ne a ƙasar Kabi, inda bazara ke gasa shaguna, kuma tsohon kwalin ranitidin da ya kwana biyu a kanta ba abin saye ba ne. A wannan rukuni famotidin ne ya fi ƙarancin rigima.

4.3 Masu Kashe Famfo

Rukuni na uku ya faro ne da omefirazol, wanda kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fitar a 1988 da sunan Losec. 'Yan uwansa su ne lansofirazol da fantofirazol da rabefirazol da esomefirazol, wanda aka fi sani da Nexium. Su ne suka fi sauran rage tsami, kuma su ne suka fi warkar da maƙoshin da ya ƙone. Bambancin da ke tsakaninsu ta fuskar aiki kaɗan ne idan an sha gwargwadon da ya dace, saboda haka tsadar suna ba ita ce ingancin magani ba. Omefirazol, wanda ya fi araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai akwai abu biyu da masu sha suka fi kuskurewa. Na farko, maganin ba ya iya kashe famfo sai famfon yana cikin aiki, kuma abinci ne ke tada shi. Don haka ake shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, domin lokacin da famfunan za su tashi su tarar da shi a cikin jini. Wanda ya sha shi da dare bayan tuwo ya ɓarar da wani kaso na amfaninsa. Na biyu, ba ya kashe zafi nan take. Cikakken aikinsa sai bayan kwana 3 zuwa 5 ana sha a jere. Mai haɗiyar kafso ɗaya duk sa'ad da ƙirji ya ɗau zafi, yana jiran sauƙi cikin minti biyar, ya ba maganin aikin da ba nasa ba.

Bisa al'ada likita kan rubuta miligiram 20 na omefirazol sau ɗaya a rana na tsawon mako 4 zuwa 8, sannan a sake dubawa. Shan sa shekara da shekaru ba tare da dalili ba an danganta shi da ƙarancin magniziyam da bitamin B12 a jiki, da raunin ƙashi, da sauƙin kamuwa da cututtukan hanji. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wuraren da ruwan sha ba shi da tsabta, domin tsamin ciki shi ne mai gadin farko da ƙwayar cuta ke cin karo da shi. Haka kuma wanda ya daɗe yana sha ya daina farat ɗaya, tsamin kan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, sai ya ɗauka ba zai iya rayuwa ba sai da maganin. Hanyar da ta fi ita ce a riƙa ragewa sannu a hankali. Duk da haka akwai waɗanda amfanin ɗorewa a kansa ya rinjayi illarsa, kamar wanda aka duba aka ga maƙoshinsa ya ƙone ƙwarai, ko wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini. A 2015 an fara sayar da wani sabon nau'i a Japan mai suna bonofirazan, wanda ke toshe famfon ta wata hanya dabam kuma ba ruwansa da lokacin cin abinci.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

Ma'auni na farko shi ne yawan zuwan ciwon. Wanda ƙwannafi ke ziyarta jefi-jefi, alal misali bayan cin abincin biki ko soyayyen kifi mai yawan yaji, rukuni na farko ya ishe shi, ko famotidin idan yana son abin da zai kai shi safiya. Wanda kuwa yake zuwar masa sau 2 ko fiye a mako, har yana hana shi barci ko aiki, shi ne mai ƙwannafi mai naci, kuma rukuni na uku ne ya dace da shi, na ƙayyadadden lokaci. Idan ya saya da kansa ya sha mako 2 bai ga sauyi ba, to abin da ya rage shi ne zuwa asibiti, ba ƙara yawan kafso ba.

Ma'auni na biyu shi ne halin jikin mai sha. Mai juna biyu takan fara da rage yawan abin da take ci a zama ɗaya, sannan masu kalsiyam ko masu kumfa. Sauran rukunan sai bisa shawarar asibitin da take awo. Dattijo da mai ciwon ƙoda suna bukatar a rage musu adadin famotidin. Mai azumi kuwa, lokacin da ya fi dacewa da kafsonsa shi ne kimanin rabin awa kafin sahur, ko kuma ya sha shi da ruwan buɗa baki, ya jinkirta babban abinci sai bayan sallar magariba.

Ma'auni na uku shi ne sauran magungunan da mutum ke sha. Rukuni na farko yana kama wasu magunguna a cikin hanji ya hana su shiga jini, irin su tetirasaikilin da sifurofuloksasin, da ƙwayoyin ƙarin jini, da dolutegirabir na masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Wajibi ne a ba da tazarar awoyi tsakaninsu, gwargwadon yadda mai harhaɗa magani ya bayyana. Omefirazol da esomefirazol suna iya rage ƙarfin kulofidogirel, wanda ake bai wa masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa likitoci kan zaɓa musu fantofirazol. Daɗin daɗawa, kowane iri aka saya, ya kamata a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.

6.0 Inda Rage Tsami Bai Wadatar Ba

A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka yi nasarar keɓe wata ƙwayar cuta daga tumbin marasa lafiya, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helikobakta failori. Sun nuna cewa ita ce sanadin mafi yawan gyambon ciki, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2005. Wani bincike da aka buga a 1992 daga yankin Maiduguri ya sami alamarta a jinin fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka gwada, ko da yake yawancin masu ɗauke da ita ba ta sa su ciwo. Wanda gyambonsa daga gare ta yake, idan ya tsaya ga omefirazol kaɗai, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Maganinta shi ne a haɗa mai kashe famfo da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, galibi na kwana 14, bayan an tabbatar da ita ta gwajin bayan gida ko na numfashi. Mai niyyar yin gwajin sai ya dakatar da rukuni na uku mako 2 kafin ranar, in ba haka ba ƙwayar kan ɓuya.

Sanadi na biyu na gyambo shi ne magungunan gajiya da ciwon jiki, waɗanda manoma da masunta da 'yan dako ke sha bayan wahalar yini: asfirin da ibufurofen da diklofenak da firoksikam, da garin Alabukun wanda shi ma asfirin ne a cikinsa. Waɗannan suna raunana yauƙin da ke kare bangon tumbi. Mai shan su da dare ya sha maganin olsa da safe, ɗinki yake yi da hannu ɗaya yana farkewa da ɗayan. Farasitamol ba ya yin wannan ɓarna.

Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa kemis idan an gan su: abinci ya riƙa maƙalewa wajen haɗiya, ko rama ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko amai mai naci, ko ƙarancin jini, ko kuma ciwon ya fara a karon farko bayan mutum ya haura shekara 50. Mai irin waɗannan sai ya nufi babban asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, domin a duba shi, in ta kama a tura shi inda za a leƙa cikinsa da siririn bututu mai fitila. Maganin rage tsami yana iya lulluɓe alamun ciwon daji na tumbi ko na maƙoshi har lokaci ya ƙure. Haka nan nauyin ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da ƙarancin numfashi, yana iya zama ciwon zuciya, kuma wannan ba ya jiran gobe.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane rukuni yana da gurbinsa: na farko don zafin da ya riga ya taso, na biyu don dare ko wani lokaci na musamman, na uku don ciwo mai naci da kuma warkar da abin da ya ƙone. Babu ɗayansu da ke ɗaure tsokar bakin tumbi. Abin da ke taimaka mata shi ne barin awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, da ɗaga gado ta wajen kai kimanin santimita 15 zuwa 20, da kwanciya ta ɓarin hagu, da rage ƙiba, da barin taba. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki a nan. Muddin kalmar olsa ita kaɗai ce mai ciwo ke zuwa da ita, mai magani ba zai san wanne daga cikin ukun zai miƙo ba. Wanda ya iya cewa ƙwannafi ne, sau uku a mako, ya fi tsanani da dare, kuma yana shan diklofenak, ya riga ya sauƙaƙa wa likita rabin aikinsa.